Tankin Da Mai Haraji Ba Ya Leƙawa: Yadda Jiragen Sama, Na Ruwa Da Na Kamun Kifi Suka Samu Yafiyar Harajin Mai

Duk wanda ya tsaya shan mai a gidajen man da ke kewaye da filin jirgin saman Schiphol, a bayan birnin Amsterdam, yana barin kimanin santi 80 na yuro a baitulmalin ƙasar Holan a kan kowace litar fetur, kafin ma a ɗora masa harajin saye na kashi 21 cikin ɗari. Da ka tsallake wayar filin, ga mota tsaye ƙarƙashin fiffiken jirgi ƙirar Boeing 777, an jona mesa ana ɗura masa kananzir. Tankunan babban samfurin wannan jirgi suna cin sama da lita 180,000, kuma ko sisin kwabo ba a biya a kai da sunan harajin mai. Tikitin fasinjan da zai tsallaka iyaka shi ma ba ya ɗauke da harajin saye. Tafiyar awa guda daga nan, a tashar Rotterdam, ana ɗura wa jiragen dakon kaya baƙin mai tan dubbai a tashi ɗaya, su ma haka. Jirgin kamun kifin da ke shirin fita teku, shi ma dizal ɗinsa ba haraji.

In ka tambayi dalili, amsar da za ka fi ji ita ce wai dokar ƙasa da ƙasa ce ta hana, a kira maka sunan Yarjejeniyar Chicago ta 1944. Shugabannin kamfanonin jirage sun faɗa, ministoci sun maimaita, har maganar ta zauna. Amma wanda ya buɗe yarjejeniyar ya karanta zai tarar ba haka ta ce ba. Al'adu uku ne mabambanta tushe, kowace da dalilinta a zamaninta, aka zo daga baya aka ɗaure su da igiya ɗaya.

Harajin man mota kansa bai daɗe a duniya ba. Birtaniya ta fara karɓarsa a 1909, cikin kasafin kuɗin Lloyd George, kwabo uku a kan galan. Jihar Oregon ta Amurka ta biyo baya a 1919 da santi ɗaya. Hujjarsu ɗaya ce: motoci na kashe hanya, to masu motocin su biya kuɗin gyara. Tunda da sunan titi aka shigo da shi, wanda ba ya taka titi sai ya samu bakin magana. Manomi ya ce taraktarsa a gona take wuni, masunci ya ce shi ba a taɓa shimfiɗa masa kwalta a teku ba. Gwamnatoci suka ga da gaskiyarsu, aka ware musu mai mai rahusa, daga baya aka riƙa zuba masa launi don kada ya ɓulla a tankin mota. A Birtaniya ja ne, tun 1961. Da tafiya ta yi nisa harajin mai ya daina zama kuɗin gyaran hanya, ya koma shiga babban asusun da ake biyan malamai da likitoci. Dalilin yafiyar ya gushe, ita kuwa ta samu wurin zama.

Ta jiragen ruwan fatauci ta girmi wannan nesa ba kusa ba. Tun zamanin da iska ke tura jirage, ma'aikatan kwastan ke kallon guzurin jirgi, wato abinci da igiya da duk abin da za a ci ko a ƙone a hanya, a matsayin kayan da ba su shigo ƙasa ba. Ana ajiye su a sito ƙarƙashin makullin kwastan, a fito da su zuwa jirgi ba kuɗin fito, domin a teku za a yi amfani da su, inda ba ƙasar kowa ba ce. Da kwal ya zo aka lissafa shi cikin guzuri, da mai ya gaji kwal sai ya gaji matsayinsa. A wasu wurare an rubuta abin a takarda: ƙasashen da kogin Rhine ya ratsa sun amince tun 1868, a birnin Mannheim, cewa ba za a karɓi kuɗi don bin kogin ba, a 1952 kuma suka ƙara da cewa dizal ɗin jiragen kogin ma ba haraji. Amma a babban teku al'ada ce ta yi aikin, da tsoron kowace tasha kada maƙwabciyarta ta ƙwace mata ciniki.

Jirgin sama ne ya zo da matsala sabuwa, domin jiragen farko gajerun zango ne. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar suna yada zango a hanya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirgar mako-mako daga Kartum zuwa Kano, ta Al-Ubayyid, Al-Fashir, Janaina, Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri. Tafiya ɗaya, hukumomi uku: Sudan, Chadi ta Faransa, Najeriya ta Ingilishi. A ce a kowace sauka ɗan kwastan zai zura sanda a tanki ya auna, ya ce wannan mai shigowa da shi aka yi sai an biya fito, da lita ɗaya an biya mata haraji sau uku kafin ta ƙone. A Turai, inda iyakoki ke dab da juna, abin ya fi haka muni. Shi ya sa a Maris 1939 wasu ƙasashe suka sa hannu a Landan kan wata yarjejeniya ta yafe harajin man jirage. Wata shida bayan nan yaƙi ya ɓarke, takardar ta bi ruwa.

Taron Chicago ya buɗe ranar 1 ga Nuwamba 1944 a otal ɗin Stevens, Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba, wakilan ƙasashe 54 suka halarta. Tarayyar Sobiyet ba ta zo ba. Daga Afirka ƙasashe huɗu ne ke da kujera: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Kuma ba haraji ne ya tara su ba. Rigimar da ta cinye makonni biyar ɗin ita ce wa zai mallaki kasuwar sama in an ajiye makamai. Amurka, wadda masana'antunta ke ƙera jiragen dako kamar ba gobe, tana son a buɗe wa kowa sama a yi gasa, don ta san ba mai kamo ta. Birtaniya, da ta kashe ƙarfinta wajen ƙera jiragen yaƙi amma take da filayen sauka a faɗin daularta, tana son a kafa hukumar da za ta raba hanyoyi da yawan kujeru. Adolf Berle na Amurka da Lord Swinton na Birtaniya suka yi ta kai ruwa rana, aka kasa daidaitawa. Ranar 7 ga Disamba ƙasashe 52 suka sa hannu kan abin da aka iya amincewa a kai: kowace ƙasa ce ke da iko da samanta, za a haɗa ƙa'idojin tsaron lafiyar jirage, za a kafa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ta fara aiki a 1947 a birnin Montreal na Kanada.

A cikin wannan takarda ne Sashe na 24 yake. Abin da ya ce shi ne, man da ke cikin tankin jirgi lokacin da ya sauka a wata ƙasa, da man injinsa da kayan gyaransa, in dai zai tashi da su, ba za a karɓi kuɗin fito ko makamancinsa a kansu ba. Nan ya tsaya. Maganin sandar ɗan kwastan ke nan, kuma magani ne mai ma'ana. Game da man da jirgin zai saya a filin da ya sauka kuwa, sashen bai ce uffan ba.

To daga ina ragowar ta fito? Daga abin da Chicago ta kasa warwarewa. Tunda ba a amince kan kasuwa ba, sai ya zama dole kowace ƙasa biyu su zauna su rubuta tasu yarjejeniyar kafin jirgin ɗaya ya ɗauki fasinja a ƙasar ɗayar. Amurka da Birtaniya suka fara a tsibirin Bermuda a 1946, duniya ta kwafi salonsu. A 1951 majalisar ICAO ta fitar da shawarar cewa ƙasashe su yafe wa juna har da harajin man da aka sha a filayensu, bisa ƙa'idar ka yi mini in yi maka. Shawara ce, ba doka ba. Amma masu rubuta yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa suka ɗauke ta suka mayar da ita sakin layi, suna kwafa daga wannan takarda zuwa waccan, har ta shiga dubban yarjejeniyoyi. Ƙasashen Afirka da suka samu 'yancin kai a 1960 sun tarar da fom ɗin a shirye, sa hannu kawai suka yi. A lokacin ba wanda ya ga laifin haka. Yawancin kamfanonin jirage na gwamnatoci ne, sa musu haraji kamar ciro kuɗi ne daga aljihun dama a mayar na hagu, kuma ba wanda ke maganar ɗumamar yanayi.

Kotun Ƙolin Amurka ta taɓa fayyace wannan bambanci. Jihar Fulorida ta sa harajin saye a kan man jirage, kamfanin Wardair na Kanada ya kai ƙara yana kafa hujja da Chicago. A 1986 kotun ta ba Fulorida gaskiya, ta nuna cewa man da jirgi ya zo da shi ne sashen ya kare. Zirga-zirgar cikin gida kuwa ba ta taɓa shiga wannan magana ba: Amurka na karɓar santi 4.4 a kan galan, Japan na karɓar nata tun 1972, Indiya ma na karɓa, kuma jiragensu ba su daina tashi ba.

Turai ce ta mayar da al'adar doka. Da za a buɗe kasuwar bai-ɗaya ranar 1 ga Janairu 1993, sai aka ga dole a daidaita harajin mai tsakanin ƙasashe don kada masu manyan motoci su riƙa tsallaka iyaka neman araha. A dokar 1992 da ta tsara wannan, aka tattara al'adun nan uku a sashe ɗaya: jiragen saman kasuwanci, jiragen ruwa, da kamun kifi. Kuma ba cewa aka yi ƙasa na iya yafe musu ba, cewa aka yi wajibi ne ta yafe. Suwidin ce ta fara ɗanɗanawa. Tana da wani harajin muhalli a kan jiragen cikin gida da ake lissafawa da yawan man da aka ƙona, tun kafin ta shiga Tarayyar Turai a 1995. Kamfanin Braathens ya ƙalubalance shi, a 1999 kotun Tarayyar Turai ta ce harajin ya saɓa wa dokar. A shekarar ce kuma Norwe, wadda ba ta cikin Tarayyar, ta gwada sa wa duk jiragen da ke tashi daga ƙasarta harajin hayaƙi. Cikin 'yan watanni ta janye shi daga jiragen ƙasa da ƙasa saboda yarjejeniyoyin da ta riga ta sa wa hannu, ta bar na cikin gida.

Dokar da ke aiki a yau ita ce ta 27 ga Oktoba 2003. Ta ƙayyade mafi ƙarancin harajin da ƙasa za ta karɓa, yuro 359 a kan lita dubu ta fetur, dizal kuma ya kai yuro 330 daga 2010. Sashe na 14 ya maimaita yafiyar ukun nan, amma ya ɗan buɗe ƙofa: ƙasa na iya sa haraji a zirga-zirgar cikin gidanta, ƙasashe biyu kuma na iya amincewa su sa wa jiragen da ke tsakaninsu. Sama da shekara ashirin ke nan, ba a samu ƙasashe biyun da suka shiga ta ƙofa ta biyu ba. Ta farkon ma Holan ce ta leƙa a 2005, ƙasar da mota ke ratsawa cikin 'yan awoyi, wadda jiragen cikin gidanta ba su taka kara sun karya ba. A 2012 ta soke.

Ana cikin haka maganar sauyin yanayi ta kankama, ta kuma tarar da giɓin a buɗe. A taron Kyoto na 1997 an rasa yadda za a yi da hayaƙin jirgin da aka yi wa rajista a Fanama, mai shi ɗan Girka ne, ya sha mai a Singafo, yana ɗauke da kayan Sin zuwa Jamus. Na wa ne? Aka cire shi daga lissafin kowace ƙasa, aka miƙa wa ICAO na sama, aka miƙa wa IMO, hukumar sufurin ruwa da ke Landan, na teku. Ba zan ce an ba kura ajiyar nama ba, amma hukumomin nan biyu an kafa su ne don sufuri ya bunƙasa, masu zama a kujerunsu jami'an ma'aikatun sufuri ne, kuma kamfanoni na zaune a gefensu. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ba ta ma kira sunan ɓangarorin ba. Alhali jiragen sama na fitar da kimanin kashi biyu da rabi cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, na ruwa kuma kusan kashi uku.

Masu kare yafiyar suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba: tankin nan tafiya yake yi. Kaliforniya ta gani da idonta. A Yulin 1991 ta cire wa man jiragen ruwa yafiyar harajin saye. Jiragen ba su daina zuwa Los Angeles da Long Beach ba, shan mai a can kawai suka daina. Suna cika tanki a Asiya ko Fanama, su sauke kaya, su juya. Cinikin ya faɗi warwas, ma'aikatan kwale-kwalen dakon mai suka rasa aiki, a farkon 1993 jihar ta mayar da yafiyar. Ta sake barin ta ta faɗi a 2003, ta sake mayarwa a 2004. Babban jirgin kwantena yana iya tafiyar makonni da tanki ɗaya, kuma Singafo kaɗai na sayar da sama da tan miliyan 50 a shekara. Ƙasa ɗaya ba za ta iya kama irin wannan ba.

Sai dai hujjar ba ta hau kan sauran biyun daidai ba. Jirgin sama mai dogon zango ba zai iya ɗauko man dawowa ba, nauyin ya fi ƙarfinsa. Masu gajeren zango kan yi lodin fiye da buƙata a inda mai ke da araha; hukumar Eurocontrol ta ƙiyasta a 2019 cewa wannan dabara na ƙona ƙarin tan 286,000 na mai a shekara a Turai, don kawai ɗaukar nauyin man da aka yi guzuri. Amma an toshe ta da layi ɗaya: wata dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta wajabta wa kamfanoni shan aƙalla kashi 90 cikin ɗari na man da suke buƙata a filayen Tarayyar da suke tashi. Masuncin da ke fita da asuba ya dawo tasharsa da la'asar kuwa ba shi da inda zai gudu.

Shi masuncin, abin da ke kare shi dabam ne. A Nuwamban 2007, da farashin dizal ya yi tashin gwauron zabi, masuntan yankin Bretagne na Faransa suka tare tashoshi. Shugaba Nicolas Sarkozy ya je tashar Le Guilvinec da kansa, wani matashi ya zage shi daga saman bene, shugaban ya ce ya sauko su yi ta, kyamarori na ɗauka. Abin da ya biyo baya shi ne alkawarin tallafin yuro miliyan 310 cikin shekara uku. A tsakiyar 2008 zanga-zangar ta bazu zuwa Sifaniya, Fotugal da Italiya, har ta isa Brussels inda aka kifar da motoci. A lura, waɗannan mutane dama ba sa biyan harajin mai. Farashin kasuwa ne kawai ya tashi. Duk ministan kuɗin da ya ga wannan ya san abin da zai tarar ranar da ya ce zai ƙara musu haraji a kai.

Kukan nasu ba na ƙarya ba ne, domin jirgin da ke jan taru a ƙasan teku na iya kashe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikinsa a kan mai, ko fiye. Amma nan ne gizo ke saƙar. Yafiyar lita take bi, wanda ya fi ƙonawa shi ya fi mora. Mai ƙaramin kwale-kwale da ƙugiya ɗan abin da ke zuwa masa kaɗan ne, kaso mafi tsoka na manyan jirage ne masu injin ƙanƙara a ciki, masu iya yin watanni ba su ga tudu ba. Binciken da Rashid Sumaila na Jami'ar British Columbia ya jagoranta ya ƙiyasta tallafin kamun kifi na duniya a dala biliyan 35.4 a 2018, dala biliyan 7.7 daga ciki na mai ne. Wani binciken na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin wuraren da ake kamun kifi a tsakiyar teku ba za su ba da riba ba in an cire tallafi. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ce a 1974 kashi 10 cikin ɗari na rukunan kifin teku ne ake kamawa fiye da ƙima, a 2021 sun kai kashi 37.7.

Araha ce ke kai jiragen Turai da na Sin, wadda ta fara ba masuntanta tallafin mai a 2006, zuwa gaɓar Muritaniya, Sanagal da Gini, inda suke gogayya da masu kwale-kwalen katako a kan kifi ɗaya. Amma kada a ɗauka mu 'yan kallo ne. Katan ɗin kifin ƙanƙara da ake farkewa da safe a kasuwannin Kano da Kaduna, titus da shawa, ana fasa su da ƙarfe don su rabu, da yawansu manyan jiragen Holan da maƙwabtanta ne suka kamo da man da ba a biya wa haraji ba, kuma hakan na cikin farashin da uwargida ke tayawa. Gana ma na sayar wa masuntanta mai mai rahusa, Sanagal na yafe wa nata haraji. Shi ya sa maganar ta gagara a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. An fara tattaunawa a Doha a 2001, sai ranar 17 ga Yuni 2022, ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, aka samu yarjejeniya, ta fara aiki a Satumban 2025. Ta hana tallafa wa masu satar kifi da masu kama rukunan da aka riga aka kama fiye da ƙima. Maganar mai aka ajiye ta sai zagaye na biyu, wanda aka tashi baram-baram a kansa a Abu Dhabi a 2024.

Da ƙofar gaba ta ƙi buɗuwa, gwamnatoci suka koma bi ta bayan gida. Birtaniya ta sa haraji a kan tikiti a 1994. Faransa ta bi sahu a 2006 da harajin da Shugaba Jacques Chirac ya ƙirƙiro don sayen magungunan ƙanjamau, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ta hannun ƙungiyar Unitaid. Nijar da Kamaru na cikin ƙasashen da suka ɗauki tsarin. Jamus ta kawo nata a 2011. Aibin harajin tikiti shi ne kujera yake ƙirgawa, bai damu ko jirgin tsoho ne mai zuƙar mai ko sabo ba. A 2012 Tarayyar Turai ta gwada babbar dabara, ta ce duk jirgin da ya sauka ko ya tashi a ƙasashenta sai ya sayi takardun izinin fitar da hayaƙi. Kotunta ta riga ta ce wannan ba haraji ba ne. Amurka, Sin, Indiya da Rasha suka ce ba za ta saɓu ba. Sin ta dakatar da cinikin jiragen Airbus, majalisar Amurka ta yi dokar kare kamfanoninta daga biya. A Nuwamban shekarar Turai ta ja da baya, ta taƙaita tsarin ga jiragen da ke tsakanin ƙasashenta. Abin da ICAO ta bayar a madadi a 2016 bai taɓa farashin mai ba: ƙarin hayaƙin da ya haura wani ma'auni ne kawai kamfanoni ke biyan diyyarsa.

Wanda ya dawo da maganar kan tebur ba masanin muhalli ba ne, direba ne. A Nuwamban 2018 masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa suka mamaye shataletalen Faransa saboda ƙarin harajin dizal, kuma cikin abin da suke faɗa har da cewa mai zuwa aiki a tsohuwar mota na biya, mai zuwa hutu a jirgi ba ya biya. Lissafi na bayansu: wani bincike na 2020 ya nuna kashi 11 cikin ɗari na mutanen duniya ne suka hau jirgi a 2018, kuma kashi ɗaya cikin ɗari ne ke da alhakin rabin hayaƙin jiragen fasinja. A 2019 wani rahoto da aka yi wa Hukumar Tarayyar Turai ya fita, yana cewa harajin santi 33 a kan lita zai rage hayaƙin jirage da kashi 11 cikin ɗari ba tare da ya taɓa yawan ayyukan yi a tattalin arzikin gaba ɗaya ba.

Ranar 14 ga Yuli 2021 Hukumar ta gabatar da daftarin gyara. Kananzir na jiragen da ke tsakanin ƙasashen Tarayyar zai fara daga sifili ya hau a hankali cikin shekara goma har ya kai kusan santi 38 a lita. Jiragen da kaya zalla suke ɗauka an bar su. Jiragen ruwa da na kamun kifi za su biya abin da bai wuce santi uku zuwa huɗu ba. A ganina daftari ne mai taka-tsantsan har ya yi yawa, amma ya gamu da abin da ya kashe na gabansa, wanda aka kawo a 2011 aka janye a 2015: a Tarayyar Turai maganar haraji sai duk ƙasashe 27 sun yarda, ɗaya ta hau kujerar na-ƙi shi ke nan. Nan igiyar 1992 ta yi aikinta. Malta da Kubrus tsibirai ne, ba a zuwa musu sai ta sama ko ta ruwa, kuma da 'yan yawon buɗe ido suke ci. Girka na da ɗaya daga cikin manyan rundunonin jiragen fatauci na duniya. Masu masunta na tuna 2008. Wanda bai damu da ɗaya ba ya damu da ɗayan.

Jiragen ruwa dai sun shiga tsarin takardun hayaƙi na Turai daga Janairun 2024, waɗanda girmansu ya kai tan 5,000. A IMO ma an kusa. Tsibiran Marshall da Solomon, waɗanda teku ke cin ƙasarsu, sun nemi a sa dala 100 kan kowane tan na hayaƙi tun 2021, shugabannin Afirka suka goyi bayan harajin duniya a kan sufurin ruwa da na sama a taron Nairobi na Satumban 2023. A Afrilun 2025 ƙasashe 63 suka amince da tsarin da zai ci tarar jirgin da ya wuce ƙima dala 100 ko 380 a kan tan, 16 suka ƙi. Saura tabbatarwa a Oktoba. Gwamnatin Donald Trump ta yi barazanar harajin kaya, hana biza da ƙarin kuɗin tasha ga duk ƙasar da ta goyi baya, Saudiyya ta nemi a kaɗa ƙuri'ar ɗagewa, ƙasashe 57 suka ce a ɗage shekara guda, 49 suka ce a ci gaba.

A Brussels kuwa daftarin 2021 ya yi ta zagwanyewa a hannun duk ƙasar da shugabancin karɓa-karɓa ya faɗo kanta. A 2024 Hangari ta kawo shawarar a bar jiragen sama da na ruwa ba haraji na ƙarin shekara ashirin. A 2025 Denmak ta rage zuwa goma, a sake duba maganar a 2035. Ko wannan bai samu amincewar kowa ba, a Nuwamban 2025 ministocin kuɗi suka sake tashi ba matsaya.